Ankwa a Gaban Kyamara: Harry Houdini Tsakanin Dandamalin Siddabaru da Allon Silima

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Harry Houdini (1874–1926), gwanin kuɓuta daga ankwa da sarƙa, tun daga ƙananan rumfunan wasa na Amurka har zuwa finafinai 5 da ya fito a cikinsu tsakanin 1918 da 1923. Tambayar da ta sa a gaba ɗaya ce: me ya sa mutumin da ya fi kowa iya tara jama'a a zamaninsa ya kasa riƙe 'yan kallo a gidan silima? Maƙalar tana ganin amsar tana ga shaida. Wasan Houdini ya tsayu ne a kan ɗan kallon da ya taɓa ƙarfen da hannunsa, kyamara kuwa ta raba ɗan kallo da ƙarfen.

Gabatarwa

Ranar 17 ga Maris, 1904, mutum kusan 4,000 suka cika gidan wasa na Hippodrome a Landan, cikinsu har da 'yan jarida fiye da 100. Jaridar Daily Mirror ce ta ƙalubalanci Houdini da wata ankwa da aka ce wani maƙerin Birmingham, Nathaniel Hart, ya shekara 5 yana ƙera ta. Aka danna masa ita a wuyan hannu a bainar jama'a, ya shige wani ɗan ƙaramin ɗaki na labule da ke tsakiyar dandamali, makaɗa suka ci gaba da kiɗa.

Sai jira. Ya leƙo ya duba makullin a haske, ya koma. Ya sake fitowa yana kukan gwiwoyinsa sun sage, aka ba shi matashi. Da ya fito karo na gaba gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya roƙi wakilin jaridar ya buɗe ankwar ya cire kwat ɗinsa. Wakilin ya ƙi, don kada ya ga yadda mabuɗin ke juyawa. Houdini bai yi gardama ba. Ya lanƙwashe jiki har ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya buɗe ta da haƙori, ya jawo kwat ɗin ta saman kansa, ya yayyanka shi har ya zube ƙasa tsumma-tsumma. Ɗakin ya kaure da sowa. Bayan awa ɗaya da 'yan mintoci ya fito da ankwar a hannu, a buɗe. Aka ɗauke shi a kafaɗa ana zagaya fili da shi, shi kuwa yana hawaye.

Har yau masu bincike na jayayya a kan ko da haɗin bakin jaridar aka shirya abin. Wannan maƙala ba ta shiga wannan shari'ar ba. Abin da ya ja hankalinta shi ne abin da mutum 4,000 suka zuba wa ido na tsawon awa guda: labule. Ba su ga kwance ankwa ba, ko da ƙiftawar ido. Sun ga an ɗaure, sun ga an fito, tsakani kuwa zuciyarsu ce ta yi ta bugawa. Duk wanda zai fahimci abin da ya sami Houdini a silima, daga wannan labulen ya kamata ya faro.

Kalmomin aiki

Hausa tana da kalmomin da suka raba abin da ake magana a kai daga abin da ba shi ba. Dabo, siddabaru da rufa-ido suna nufin wasan hannu da dabara, wanda mai yi da mai kallo duk sun san wasa ne. Sihiri da tsafi kuwa suna ɗauke da iƙirarin taimakon wani ɓoyayyen ƙarfi. A nan, duk inda aka ce ɗan dabo ko mai siddabaru, ma'ana ta farko ake nufi. Bambancin ba na ƙamus kaɗai ba ne, domin Houdini ya kwashe shekarun ƙarshe na rayuwarsa yana faɗa a kan wannan iyakar, yana nanata cewa duk abin da yake yi da jiki da ƙwaƙwalwa yake yin sa.

Daga Budafes zuwa rumfunan kwabo

Sunansa na yanka Erik Weisz. An haife shi a Budafes ta ƙasar Hangari ranar 24 ga Maris, 1874, ɗa ga wani limamin Yahudawa, Mayer Samuel Weisz, da matarsa Cecilia. Iyalin suka ƙaura Amurka a 1878, uban ya sami limanci a garin Appleton na jihar Wisconsin. Bai daɗe ba aka sallame shi, talauci ya yi musu sallama. Yaron ya yi tallar jarida, ya yi wankin takalma, yana ɗan shekara 9 ya fara wasan lilo a sama a wani ƙaramin dandalin unguwa. Da suka koma Niyok ya shiga masana'antar ɗinka igiyar wuyan da Turawa ke ɗaurawa da kwat, aikinsa yankan yadi.

A can ne littafin tarihin rayuwar wani ɗan dabon Faransa, Jean-Eugène Robert-Houdin, ya faɗo hannunsa. Ya so mutumin har ya ari sunansa, ya liƙa masa harafi ɗaya a ƙarshe, ya zama Houdini. Akwai abin da ya kamata mai karatu na nahiyar Afirka ya sani game da wancan Bafaranshen. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura shi Aljeriya musamman don ya yi siddabaru a gaban shugabannin ƙabilu, ya karya kwarjinin shehunan da ke zaburar da jama'a a kan 'yan mulkin mallaka. Ɗaya daga cikin dabarunsa wani ɗan akwati ne da ƙaramin yaro zai iya ɗauka, amma ƙaton namiji ya kasa ɗaga shi, saboda mayen ƙarfe mai aiki da lantarki da aka ɓoye a ƙarƙashin dandamali. Wannan siddabaru ne da aka sa masa rigar sihiri don a tsorata mutane a ƙasarsu, kuma abin takaici ne a tarihin sana'ar. Shi kansa Houdini daga baya ya juya wa gwanin nasa baya, ya buga littafi a 1908 yana zarginsa da cin gumin wasu, kodayake abin da ya dame shi satar fasaha ce, ba abin da ya faru a Aljeriya ba.

Shekarun farko wahala ce zalla. Ya fara da wani abokinsa, daga baya da ƙanensa Theodore, wanda duniya ta sani da suna Hardeen. Sun yi wasa a rumfunan da ake shiga da 'yan kwabbai, inda ɗan wasa kan hau dandamali sau da yawa a rana ɗaya, kusa da masu haɗiyar takobi da masu cin wuta. A 1894 ya auri Wilhelmina Beatrice Rahner, wadda ake kira Bess, ta maye gurbin ƙanen. Wasansu mafi karɓuwa shi ne na musanya: a ɗaure hannuwansa, a sa shi a buhu, a ƙulle bakin buhun, a sa a akwati, a datse da kwaɗo, a naɗe da igiya. Bess ta ja labule, a tafa sau uku, sai ga Houdini a waje, ita kuma a cikin buhun, a ɗaure. Akwai lokacin da yunwa ta sa ma'auratan suka yi wasan kiran ruhohin matattu a ƙananan garuruwa, suna tattara bayanai daga maƙabarta da tsegumin gari. Ya bar wannan harka, amma bai manta da yadda ake yin ta ba.

A 1899 wani mai shirya wasanni, Martin Beck, ya gan shi a St. Paul ta jihar Minnesota. Shawarar da ya ba shi ita ta sauya komai: ya ajiye karta da tsuntsaye, ya riƙe ankwa.

Sana'ar tara shaidu

Cikin shekara guda Houdini ya haye manyan dandamalan Amurka, a 1900 ya tsallaka Turai. A kowane gari tsarinsa ɗaya ne. Kafin ranar wasa zai je ofishin 'yan sanda da 'yan jarida a bayansa, ya tuɓe, likita ya bincike shi, a sa masa ankwar ofishin, a kulle shi a ɗakin tsare masu laifi. Washegari labari ya cika gari, da dare gidan wasa ya cika. A Rasha, a 1903, ya fita daga rufaffen keken doki na ƙarfe da ake kai fursunoni Saiberiya da shi. A Washinton, a Janairun 1906, ya fita daga ɗakin kurkukun da aka taɓa tsare Charles Guiteau, wanda ya kashe shugaban Amurka Garfield, ya kuma buɗe wa fursunonin da ke layin ya sassauya musu ɗakuna.

A Jamus ma har kotu abin ya kai. Wani ɗan sandan Kolon, Werner Graff, ya zarge shi a jarida da cewa cin hanci yake bayarwa a buɗe masa. Houdini ya kai ƙara a 1902, ya buɗe makullai a gaban masu shari'a, ya yi nasara. Alƙali ma ya zama ɗan kallo, hukuncinsa kuma ya zama talla.

A dandamali, kafin kowane wasa, yakan kira kwamiti daga cikin jama'a. Kafintocin gari su zo da akwatin da suka haɗa da kansu, su buga ƙusoshinsu. Maƙera su zo da kwaɗonsu. Ko a ƙaramin wasan allura haka yake yi: ya buɗe baki mutum ya leƙa, ya haɗiye tarin allurai, ya bi da zare, ya sha ruwa, sannan ya jawo zaren a hankali daga maƙogwaro, allurai na reto a jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a da'irar 'yan tauri, ya ga an miƙa wa ɗan kallo wuƙa ya gwada kaifinta kafin a ɗora ta a ciki, ya san amfanin wannan mataki. Wanda ya gwada wuƙar shi ne zai koma unguwa ya rantse. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, Houdini kuwa ya ƙara da taɓawa.

Da masu kwaikwayo suka cika kasuwar ankwa, sai ya ƙara haɗari. A 1908, a St. Louis, ya fito da wata ƙatuwar garwar madara ta ƙarfe, a cika ta da ruwa, ya shige, a rufe murfi da kwaɗuna. Kafin ya shiga yakan ce wa 'yan kallo su riƙe numfashi tare da shi. Cikin minti ɗaya sai ka ji ɗaki ya cika da haki, mutane sun saki numfashi ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana cikin ruwa. Wannan dabara ce ta mutumin da ya san jikin ɗan kallo shi ne ma'auninsa. A 1912, a Balin, ya ƙaddamar da tankin gilashi: a datse ƙafafunsa a katako, a juye shi kai ƙasa, a nutsar da shi, a ja labule, mataimaki na tsaye da gatari ko da abu zai ɓaci.

Darasi ɗaya ƙanensa ne ya koya masa. Hardeen ya gano cewa kwance rigar ɗaure mahaukata a bainar jama'a, ana ganin fafutukar, ya fi tayar da hankali a kan yin ta a bayan labule. Houdini ya ɗauki darasin ya kai shi titi. Sai a rataye shi da ƙafa daga saman bene, sau da yawa benen wata jarida, dubban mutane a ƙasa sun ɗaga kai, ya yi ta murɗa jiki har rigar ta faɗo. Bai tsaya nan ba: ya sayi jirgin sama ƙirar Voisin, ya tashi da shi a Diggers Rest kusa da Melbourne ranar 18 ga Maris, 1910, yana cikin na farko-farkon da suka tashi jirgi a Ostireliya. A Janairun 1918 ya ɓatar da giwa a dandamalin Hippodrome na Niyok.

Kyamara

Houdini bai raina silima ba, ya ma riga yawancin takwarorinsa gane amfaninta. Tun 1907 ya sa an ɗauki hoton tsallensa daga gada a Rochester da ankwa a hannu, yana nuna shi a gidan wasa kafin ya fito da kansa. A wannan matsayi fim bawan dandamali ne: yana tabbatar da abin da garin ya riga ya gani, mutumin kuma na nan tafe da jininsa da namansa.

Amma wani ɗan dabon ya riga ya nuna wa duniya ɗaya fuskar kyamara. Georges Méliès, wanda ya sayi gidan wasan Robert-Houdin na Faris a 1888, ya ɗauki wani gajeren fim a 1896 inda mace ke zaune a kujera, a lulluɓe ta, ta ɓace. A dandamali wannan wasa na buƙatar ƙofar ɓoye a ƙasa da horo mai tsawo. Méliès kuwa tsayar da kyamara kawai ya yi, matar ta tashi ta fita, ya ci gaba da ɗauka. Ya yi finafinai sama da 500, da dama a kan irin wannan dabara, yana fitowa a cikin da yawansu. Kafin Houdini ya sa hannu a kwantiraginsa na farko, 'yan kallo sun shekara 20 suna koyon cewa a allon silima komai na iya faruwa, kuma babu wanda ya isa ya hau ya duba.

Fim ɗinsa na farko mai labari shi ne The Master Mystery, mai kashi 15, wanda B. A. Rolfe ya shirya, aka fara nuna shi a ƙarshen 1918. Houdini ya fito a matsayin Quentin Locke, jami'in gwamnati mai bin diddigin wani kamfani da ke saye ƙirƙire-ƙirƙiren mutane yana binnewa. Abokin gabarsa mutum-mutumin ƙarfe ne mai tafiya, ɗaya daga cikin irinsa na farko a tarihin silima. Kowane kashi kan ƙare da Locke a ɗaure, sau ɗaya a kujerar lantarki, sau ɗaya a naɗe da waya mai ƙaya ruwan guba na malalowa wajensa, sai mako mai zuwa a ga yadda ya fita. Fim ɗin ya yi kasuwa, har sai da Houdini ya kai masu shi kotu kafin ya karɓi kasonsa.

A nan ne mai nazari zai ga abin tausayi da abin sha'awa a haɗe. Houdini ya dage a ɗauki kuɓutarsa a doguwar ɗauka, ba yanka, don a ga da gaske yake. Ana ganin yatsun ƙafarsa na aiki kamar na hannu, ana ganin kafaɗa na murɗewa, igiya na sassautawa kaɗan-kaɗan. Ga mai son sanin yadda jikin mutumin ke aiki, waɗannan mintoci taska ce. Ga ɗan kallon 1919 kuwa, wanda ya ga jarumai da yawa sun tsinke igiya cikin daƙiƙa da taimakon almakashin mai tace fim, doguwar ɗaukar jinkiri ce kawai. Awa gudan da ta sa mutanen Landan kuka ba za ta yiwu a silima ba, domin wanda ke zaune a duhu ya san an gama ɗaukar fim ɗin tun watanni, jarumin kuma yana gida lafiya. Ba shi da kwaɗon da ya kawo, ba shi da maƙwabcin da ya hau ya duba. Ba a tambaye shi ya riƙe numfashi ba.

Kamfanin Famous Players-Lasky ya ɗauke shi finafinai biyu, The Grim Game a 1919 da Terror Island a 1920. A na farkon ne abin da ya fi kowane tona asirin matsalar ya faru. Labarin ya buƙaci jarumi ya sauko ta igiya daga wani jirgin sama zuwa wani. Ranar 31 ga Mayu, 1919, a sararin Santa Monica, jiragen biyu suka sarƙe da juna, suka yi ta juyawa suna faɗowa, darakta Irvin Willat na jirgi na uku ana ci gaba da ɗauka. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu. Aka sake rubuta labarin don hatsarin ya shiga, aka cika jaridu da tallar cewa Houdini ya tsallake rijiya da baya. Hatsarin gaskiya ne. Mutumin da ke kan igiyar kuwa wani tsohon matuƙin soja ne, Robert E. Kennedy. Houdini na ƙasa a lokacin. Bai taɓa gyara labarin ba, kuma wannan tabo ne a kan mutumin da ya gina sunansa a kan cewa a zo a duba.

Da kwantiragin ya ƙare bai haƙura ba. Ya kafa kamfaninsa, Houdini Picture Corporation, ya kuma zuba kuɗi a wata masana'antar wanke fim da ta yi ta cin dukiyarsa, har ya janye Hardeen daga dandamali ya ɗora shi a kanta. The Man from Beyond na 1922 labarin wani mutum ne da ya daskare a ƙanƙarar arewacin duniya shekara 100, aka narkar da shi ya farfaɗo, ya ga wata mace ya ce masoyiyarsa ce ta dawo. Wurin da ya ceto ta a bakin gangaren ruwan Niagara ya sami yabo. Sauran fim ɗin ya nuna raunin da masu sharhi suka daɗe suna faɗa: Houdini ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Fuskar da ke riƙe mutum dubu daga nesa takan sandare idan kyamara ta matso, a wuraren soyayya kuma kunya ce ke bayyana ƙarara. Haldane of the Secret Service na 1923, wanda ya ba da umarni da kansa, bai mayar da kuɗinsa ba. Daga shi ya rufe babin.

Ruhohi da hotuna

Mutuwar mahaifiyarsa a Yulin 1913, yana Turai, ta girgiza shi ƙwarai. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar murar 1918, gidaje da yawa a Turai da Amurka na cikin irin wannan makoki, kasuwar masu iƙirarin magana da matattu ta buɗe. Cikin manyan masu imani da su akwai Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, wanda ya ƙulla abota da Houdini a 1920.

Abubuwa biyu suka faru a watan Yunin 1922. A farkonsa, a liyafar shekara ta ƙungiyar 'yan dabon Amurka, wadda Houdini ke shugabanta tun 1917, Doyle ya kafa majigi ya nuna wa taron hotunan dabbobin zamanin da, manya-manyan ƙadangaru, suna tafiya suna faɗa, ya ƙi yin bayani. Washegari jaridar New York Times ta buga labarin a shafin farko. Hotunan gwaji ne na fim ɗin The Lost World, 'yan gumaka ne da Willis O'Brien ya riƙa motsawa yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ɗaki cike da gwanayen rufa-ido, kyamara ta bar su da tambaya.

Bayan makonni biyu, a wani otal a Atlantic City, matar Doyle ta zauna da fensir ta ce ruhun mahaifiyar Houdini na rubutu ta hannunta. Ta cika shafi 15. Saƙon da Ingilishi yake, harshen da tsohuwar ba ta iya sosai ba, a saman takardar kuma an zana gicciye, alhali matar limamin Yahudawa ce. Houdini ya yi shiru a ranar don girmama abokinsa, amma da ya faɗi ra'ayinsa daga baya abotar ta watse. Doyle ya ci gaba da gaskata cewa Houdini da kansa yana da ɓoyayyen ƙarfi, ɓoyewa kawai yake yi.

Daga nan ya mayar da kwamitin dandamali ya zama makamin yaƙi. Mujallar Scientific American ta sa dala 2,500 ga duk wanda ya nuna alamar ruhi a gaban alƙalanta, Houdini na cikinsu. Wadda ta kusa cinyewa ita ce Mina Crandon ta Boston, da ake kira Margery, matar wani likitan tiyata, wadda ke cewa ruhun ɗan'uwanta Walter na kaɗa ƙararrawa a cikin duhu. A Yulin 1924 Houdini ya zauna kusa da ita, ƙafarsa na gugar tata. Bisa bayaninsa, ya yini da matsattsen bandeji a ƙasan gwiwa don fatar wurin ta kumbura ta riƙa jin ko motsi kaɗan. Da aka kashe fitila ya ji ƙafarta na zamewa a hankali zuwa akwatin ƙararrawar. Ba a ba ta kyautar ba. Ya buga littafi a kan irin waɗannan mutane a 1924, a 1926 kuma ya ba da shaida a gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka yana goyon bayan dokar hana duba don kuɗi a Washinton. A Agustan shekarar, don ya ƙaryata wani mai suna Rahman Bey da ke danganta irin wannan juriya da wani hali na musamman, ya kwanta a rufaffen akwatin ƙarfe a ƙarƙashin ruwan wani otal a Niyok na awa ɗaya da rabi, likita da 'yan jarida na tsaye, ya fito ya ce sarrafa numfashi ne kawai.

Detroit, da abin da ya biyo baya

A Oktoban 1926 ƙashin idon sawunsa ya karye a Albany yayin da ake ɗaga shi zuwa tankin gilashi, ya ci gaba da rangadi. A Montreal, ranar 22 ga watan, yana kishingiɗe a ɗakin shiri, wani ɗalibi ya tambaye shi ko gaskiya ne cikinsa na jure kowane naushi, ya kai masa duka kafin ya shirya. Ya isa Detroit da zazzaɓi mai zafin digiri 40, likita ya ce afendis ne, a wuce asibiti. Ya ƙi, ya hau dandamalin Garrick ranar 24, ya kammala wasan da ƙyar. Da aka buɗe cikin an tarar abin ya riga ya fashe, ruɓa ta bazu, a zamanin da babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Ya rasu a asibitin Grace ranar 31 ga Oktoba yana da shekara 52, aka binne shi a maƙabartar Machpelah da ke Queens. Likitoci na ci gaba da saɓani a kan ko naushin ne ya jawo ciwon ko kuwa ya rufe alamun ciwon da ya riga ya kama shi. Tarin littattafansa na siddabaru ya bar wa ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka. Bess ta shekara 10 tana zaman jiran saƙon sirrin da suka yi alkawari, ta rufe zaman a 1936 a saman wani otal a Hollywood.

A 1953 kamfanin Paramount ya fitar da fim a kan rayuwarsa, Tony Curtis ya fito a matsayinsa. Masu fim ɗin suka ga mutuwar asibiti ba ta da armashi, suka sa ajalinsa ya zo ta tankin gilashi a gaban 'yan kallo. Har yau mutane da yawa haka suka san labarin.

The Grim Game kuwa an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce. Ashe cikakken kwafinsa na hannun wani tsohon ɗan wasa a Brooklyn, Larry Weeks, wanda ya adana shi tun 1947. Tashar Turner Classic Movies ta saye shi a 2014, aka gyara shi, aka nuna shi a Hollywood a Maris ɗin 2015, bayan Weeks ya rasu. Waɗanda suka cika ɗakin a daren sun ga Houdini yana ɗan shekara 45 yana kwance sarƙa a ɗakin kurkuku, sun ga an rataye shi kai ƙasa daga saman gini a rigar mahaukata, ya kwance ta. Da aka zo wurin jiragen, sun ga wani ɗan ƙaramin mutum daga nesa yana reto a bakin igiya, fukafukai biyu na matsowa kusa da juna, kuma a wannan karon takardun tarihi sun riga sun gaya musu sunansa Robert E. Kennedy.